Mai Labari da Mai Rubuta Shi: Nazari Kan Darajar Ƙwayar Labari a Karkarar Kano ta Arewa

Babu maganar da ta fi yawa a bakin masu sha'awar rubutu kamar "ina da wani labari." Za ka ji ta wajen malamin firamare a Kunci, ka ji ta wajen ɗalibar kwalejin ilimi ta Bichi, ka ji ta wajen tela a bakin kasuwar Ɗambatta, kuma galibi sai a biyo ta da sharaɗi: ba zai faɗa ba, kada a sace masa. Damina ta zo ta wuce, gero ya shiga rumbu ya fita, labarin yana nan a ƙirjin mai shi, ko layi ɗaya bai sauka a takarda ba. Mutumin ya ɗauka cewa abu mai tsada shi ne ƙwayar labarin, watau wancan ɗan tunani da ya faɗo masa na cewa wance za ta so wane, wane kuma zai ci amanar wane, rubutawa kuwa ƙaramin aiki ne da za a yi duk ranar da aka samu sarari. Tarihin ƙagaggun labaran Hausa ya nuna akasin haka. Ƙwayar labari ita ce abu mafi araha a wannan sana'a, ba a taɓa yin fatararta ba, kuma duk lokacin da rubutun Hausa ya bunƙasa, abin da ya jawo bunƙasar shi ne wani ya zauna ya yi aikin, saboda ya ga ƙofar da aikin zai fita ya isa ga mai karatu.

A duba yadda abin ya faro. A 1933 Rupert East, shugaban Hukumar Fassara da ke Zariya, ya zaga manyan garuruwan Arewa yana neman malamai su rubuta labaran da za a karanta a makarantu, ya kuma sa gasa. Mutanen da ya tarar ba labari suka rasa ba. Tun tsakanin 1911 da 1913 Frank Edgar ya buga manyan kundaye uku na tatsuniyoyi da labaran Hausa, waɗanda malamai suka rubuta masa da ajami, kuma wannan ɗan tsakure ne daga abin da ke bakin tsofaffi a kowane tsakar gida. Wahalar da East ya ce ya sha ita ce shawo kan malamai su yarda cewa ƙirƙirarren labari, wanda a ganinsu hirar mata da yara ce, ya cancanci a ɓata masa tawada. Da aka sa wa'adi aka yi alkawarin bugawa, sai ga Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, sai kuma Jiki Magayi wanda John Tafida ya rubuta tare da East. Waɗannan mutane ba a 1933 suka fara sanin labari ba. Abin da shekarar ta kawo musu shi ne dalilin zama a kan tebur, da tabbacin cewa abin da suka rubuta ba zai ƙare a cikin adaka ba.

Magana Jari Ce na Abubakar Imam ya fi kowane littafi tona wannan asiri. Masu nazari sun daɗe da bin sawun labaransa, sun kuma gano cewa da yawansu aro ne: wasu daga Alfu Laila, wasu daga Kalila wa Dimna, wasu daga tatsuniyoyin 'yan'uwan nan na Jamus, Grimm, shi kansa akun da ke ɗebe wa ɗan sarki kewa da labarai yana da magabata a littattafan Indiya da Farisa. A Ruwan Bagaja ma an ga inuwar Muƙamatul Hariri a cikin damfarar da Alhaji Imam da Malam Zurƙe suke yi wa juna. Idan darajar littafi tana cikin ƙwayar labarinsa, to Imam ba shi da abin tinƙaho, don kusan duk wanda ya iya Larabci ko Turanci a zamaninsa yana iya kai hannu ga waɗannan littattafai. Amma ga shi an kusa shekara casa'in ana karanta shi, yara na haddace sassansa, manya na kawo maganganunsa a hira kamar karin magana. Abin da ya zuba a ciki shi ne fada irin ta Hausa da wazirinta da fadawanta, da kasuwa da alƙali da ɓarawo waɗanda mai karatu ya san irinsu, da harshe mai santsi wanda ke sa ka manta cewa labarin ya taɓa zama a wata ƙasa. Wannan duka aikin hannu ne, jimla bayan jimla, kuma babu wanda zai iya sace shi daga bakin mutum a zaure, domin kafin a rubuta shi babu shi.

Haka abin yake idan aka jera littattafan da suka yi tarayya a ƙwaya ɗaya. Saurayi da budurwa suna son juna, dukiya ta shiga tsakani: wannan ne ƙashin Jiki Magayi, inda attajiri ya ƙwace wa Abubakar Zainabu, labarin ya juya ya zama na ramuwar gayya. Bayan fiye da shekara hamsin, a farkon shekarun 1990, Ado Ahmad Gidan Dabino ya ɗauki tsohuwar matsalar nan ta so da kuɗi ya fitar da In Da So Da Ƙauna, inda Sumayya 'yar masu hali ta nace wa Muhammad talaka, littafin ya bazu har aka mayar da shi fim. Tsakanin waɗannan biyu da kuma bayansu, ɗaruruwan marubuta sun taɓa wannan jigo, an manta da mafi yawansu. Ko a ɗauki Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, na 1990. Magidanci ya yi amarya, ya wulaƙanta uwargida, ya kore ta da 'ya'yanta, daga baya duniya ta juya masa baya: wace unguwa ce ba ta da irin wannan labari, wace mata ce ba za ta ba ka uku irinsa kafin ta sauke tukunya ba? Abin da ya raba littafin da hirar unguwa shi ne marubuciyar ta tsaya ta nuna yadda Rabi take ciyar da yara da kuɗin cefanen da bai isa ba, da yadda ta kama sayar da abinci ta tsaya da ƙafarta. Shi ya sa Aliyu Kamal ya fassara shi zuwa Turanci, wani kamfani a birnin Chennai na Indiya ya buga shi a 2012.

In aka bi shekarun da rubutun ya yi ambaliya, kowace ambaliya tana da ƙofarta. Gasar kamfanin ɗab'i na NNPC da ke Zariya ta haifar da littattafan 1980: So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, da Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina, da Amadi Na Malam Amah na Magaji Ɗambatta, wanda sunansa kaɗai ya isa ya tuna wa mutanen wannan yanki cewa nasu ma ya taɓa shiga sahu. Gasar Sashen Al'adu na Tarayya ta kawo Turmin Danya da Ƙarshen Alewa Ƙasa da Tsumangiyar Kan Hanya a 1982. Sai babbar ƙofa ta buɗe a tsakiyar shekarun 1980, lokacin da yaran da shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya koya wa karatun boko suka zama samari da 'yanmata masu neman abin karantawa, kamfanonin ɗab'i kuwa tattalin arziki ya durƙusar da su. Matasa suka daina jiran kowa. Mutum ya rubuta a littafin makaranta, ya kai a buga masa da keken rubutu, ya tara kuɗi ya kai maɗaba'a a birni, ya ɗauki kayansa ya kai wa 'yan kasuwa. Rabin Raina na Talatu Wada Ahmed, na 1984, yana cikin na farko-farko, ƙungiyoyi irin su Raina Kama suka biyo baya. Babu mai cewa Hausawa sun fi basira a 1990 a kan 1970. Hanya ce ta samu, masu himma suka bi ta.

To ina karkarar Kano ta arewa a cikin wannan duka? Wannan yanki, daga Ungogo da Minjibir da Dawakin Tofa har zuwa Bichi da Ɓagwai da Tsanyawa da Makoɗa, yana cikin wuraren noma mafi cunkoson jama'a a Afirka ta Yamma. Tun 1965 Michael Mortimore da abokin aikinsa suka wallafa bincike a kan yadda ake rayuwa a ƙasar da ke kewaye da Kano, inda gona ke manne da gona, ba a barin saura ta huta, ana noma wuri ɗaya kowace shekara tun kaka da kakanni. Ƙasar jigawa ce, ba ta da wani ƙarfi na musamman. Abin da ya riƙe ta shi ne takin da ake tarawa a turke, da sharar birni da jakuna suka yi ta jigila a mangala duk rani, da hannun da ba ya gajiya da noman fari da maimai. Manomin nan ya san cewa maƙwabcinsa yana da irin geron da yake da shi, ruwan sama ɗaya ne ke sauka musu, bambancin damin da za su ɗaure yana cikin abin da kowa ya kai gonarsa kafin shuka da kuma bayanta. Abin mamaki ne a ce ɗan wannan manomi, in ya juyo wajen rubutu, sai ya ɗauka cewa iri shi ne komai, har ya ƙulle shi a tsumma yana tsoron ɓarayi.

Kuma wurin cike yake da abin rubutawa. A ɗauki rabon gado kawai. Tsoho ya rasu ya bar gona ɗaya da 'ya'ya goma sha, gandu ya watse, aka kira malami da dagaci da dattawa, aka ja igiya, kowa ya samu abin da bai fi shimfiɗar 'yan tabarmi ba. Ɗaya yana birni yana tuƙa a-daidaita-sahu, yana son a sayar a ba shi kuɗi. Ɗaya ya riga ya jinginar da nasa kason tun tsohon yana kwance. 'Ya mace tana aure a wani ƙauye, mijinta na zuga ta. A tsakiya kuma ga kuka ko ɗorawa wadda iyaka ta ratsa ta gindinta, kowa na cewa tasa ce. Wannan ƙwaya ce, kuma kowa a Kunci ko Gezawa yana da ita kyauta. Aikin yana farawa ne daga tambayoyin da ƙwayar ba ta amsawa. Ta bakin wa za a ba da labarin, ta bakin ƙanin da ya zauna ya yi jinyar uban, ko ta bakin matar da ke cikin kulle, wadda duk abin da ta sani yarinyar da ke mata tallar ƙuli-ƙuli ce ke kawo mata? Daga ina za a fara, daga ranar sadakar uku ko daga ranar da dillalin filaye ya fara zagayawa da babur? Me babban wa zai faɗa a gaban dagaci, me zai ɓoye? Marubuta goma za su amsa waɗannan ta hanya goma, su fitar da littattafai goma da ba su yi kama da juna ba. Wanda bai zauna ya amsa su ba, bai ma san ko labarin nasa zai iya tsayawa da ƙafarsa ba, don sau da yawa sai a shafi na ashirin ake gane cewa abin da aka ɗauka littafi ne bai wuce hirar minti biyar ba.

Mai tsoron sata zai ce tsoronsa ba na banza ba ne, kuma yana da 'yar gaskiya. An sha jin ƙorafi tsakanin marubuta da masu shirya fim a Kano kan labarin da aka ɗauka ba izini, masana'antar kanta kuma ta daɗe tana ɗebo zubin finafinan Indiya tana sa musu riga da hula. A jerin sunayen da ke fitowa a fim akan ware mai labari daban da mai tsarawa, wanda ke nuna cewa kasuwa tana ba ƙwaya wani farashi. Sai dai a lura da wanda doka take karewa. Dokar haƙƙin mallaka, a Nijeriya da sauran duniya, ba ta kare tunanin da ke cikin kai. Abin da aka zubo a rubuce ko aka naɗa shi take karewa. Wanda ya ba da labarinsa da baki a majalisa, wani ya riga shi rubutawa, ba shi da abin da zai nuna wa alƙali. Wanda ya rubuta, ya sa kwanan wata, ya ba mutane suka karanta, shi ne mai hujja. Ashe maganin satar shi ne ainihin abin da mai tsoron yake gudu. Ɓoyon ma ba ya hana wani ya fito da irinsa, tunda rayuwar da ta ba ka labarin tana ba dubban mutane irinsa a rana ɗaya.

Suka ta biyu ta fi nauyi. Za a ce wannan kira na "tashi ka rubuta" shi ne ya cika kasuwa da tarkace. A shekarun 1990 Ibrahim Malumfashi ya yi wa wannan rubutu laƙabin Adabin Kasuwar Kano, yana ganin yawancinsa kayan yayi ne da ba za su daɗe ba, Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu suka mayar masa da martani a jaridu, aka daɗe ana fafatawa. Duk wanda ya karanta littattafan lokacin da yawa ya san sukar ba ƙage ba ce: ga kurakuran rubutu, ga labari a ja shi kashi uku don a sayar sau uku, ga ƙarshe na gaggawa. Amma aibin da aka lissafa duk na rashin ƙarasa aiki ne, watau rashin bita da rashin edita da rashin haƙurin sake rubutawa, kuma waɗannan sassa ne na aiwatarwa. Cewa a yi aiki da ƙwayar labari bai tsaya ga zubo daftarin farko a ruga maɗaba'a ba. Sannan daga cikin wannan ambaliya ne aka samu Balaraba, da Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa mai Allura Cikin Ruwa, da Bala Anas Babinlata, da Nazir Adam Salih. Mugun littafin da aka rubuta ana iya gyara shi, ko marubucinsa ya koyi darasi ya yi na biyu da ya fi shi. Kyakkyawan littafin da ke cikin kai ba ya koya wa mai shi komai, sai ma ya riƙa ruɗinsa, don a cikin kai kowane labari gwani ne.

Akwai kuma mai cewa ai ba duk ƙwaya ce ɗaya ba, wata ta fi wata. Wannan gaskiya ne, kuma a nan ne ya kamata a sassauta hukuncin da aka fara da shi. Sai dai fifikon ba ya cikin sarƙaƙiyar zubi, irin a ce an musanya jarirai a asibiti ko attajiri ya ɓad da kama. Waɗannan kowa na iya ƙirƙiro su, shi ya sa suka yi yawa. Yana cikin abin da mutum ya gani da idonsa wanda wasu ba su gani ba. Kaso mai yawa na littattafan soyayya yana faruwa ne a gidajen bene na Nasarawa da Abuja, da jirgin Dubai, ƙauye kuwa wuri ne da ake ɗauko 'yar aiki ko baƙauyen da za a yi wa dariya. Wanda ya tashi a gefen madatsar Watari ya san yadda noman rani ya sauya lissafin aure da bashi a garinsu. Wanda ya yi dako a Dawanau ya san yadda ake sayen amfanin talaka da kaka a ɓoye shi sai bazara. Wannan sani jari ne na gaske, amma jari ne mai lalacewa. Mutanen da suka ga farin 1972 zuwa 1974, da cutar da ta kashe gyaɗa a 1975 ta kawo ƙarshen zamanin dalar gyaɗa, yanzu tsofaffi ne, kowace shekara ana raguwa. Su ne suka san abin da aka ci a lokacin, da abin da aka fara sayarwa a gida, da wanda ya tafi cin rani bai dawo ba. Matashin da ke da niyyar rubuta labarin kakarsa "wata rana" yana caca ne da ajalin wadda za ta ba shi bayanin.

Saura uzurin lokaci da na ilimi, wanda a karkara ba abin rainawa ba ne. Da damina babu mai sararin zama, da rani maza sun watse neman kuɗi, mata kuwa aikin gida da sana'ar cikin gida ba sa ƙarewa, ga wuta ba ta samuwa. Amma Balaraba an cire ta daga makaranta an yi mata aure tana ƙarama, daga baya ta koma karatun manya. Ado Gidan Dabino ma ta ajin yaƙi da jahilci ya samu bokonsa. Hukumar ilimin manya da gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa a Kano a 1980 tana cikin abubuwan da suka share wa irinsu hanya. Yau kuma ƙofar ta fi ta zamaninsu faɗi. Mata da yawa suna rubuta littafi sukutum da babban yatsa a waya, suna sakinsa shafi-shafi a WhatsApp da Wattpad, masu karatu na biyan 'yan ɗaruruwan naira su shiga rukunin, wasu kuma na karanta littattafan da murya a rediyo da YouTube don waɗanda ba su iya karatu ba. Wannan tsari yana da illarsa, don mai karatu na matsa wa marubuciya ta saki shafin gobe ko bai nuna ba, amma yana yin abin da East ya yi: yana sa wa'adi. Gasar Hikayata da Sashen Hausa na BBC ya fara a 2016 don mata ita ma haka take aiki, da ranar rufewa da iyakar kalmomi, kuma kowace shekara labarai na kwararowa daga matan da ba a taɓa jin sunansu ba.

Abin da yankin ya fi buƙata ke nan, ƙananan ƙofofi na kusa. Reshen Kano na ƙungiyar marubuta ta ANA yana zaman karatu a birni, inda mutum ke karanta abin da ya rubuta a yi masa gyara a gabansa, amma kuɗin mota daga Tsanyawa zuwa birni da dawowa ya isa ya hana ɗalibi zuwa. Kwalejin ilimi ta tarayya da ke Bichi da kwalejin aikin gona ta Audu Bako da ke Ɗambatta suna tara matasan ƙauyukan nan wuri guda, da malaman Hausa a makarantun sakandaren da ke kewaye. Zama ɗaya a wata, a aji ɗaya, tsakanin kaka da faɗuwar ruwa lokacin da hannu ya ɗan sarara, da sharaɗin cewa ba a shiga da labarin baka sai da shafi uku a rubuce, ba ya buƙatar kasafin gwamnati ko izinin kowa in ban da na shugaban makaranta.